Su Wa Ke Zama a Kujerar Tace Talla?

A dokar Nijeriya, kafin talla ya fita a rediyo, ko a manna shi a allon bakin titi, ko ya faɗo cikin wayarka, sai wani kwamiti ya duba shi ya amince. Ka tsaya a tashar Birnin Kudu ka tambayi mutum goma sunan kwamitin, da wuya ka sami ɗaya da ya taɓa jin labarinsa, alhali ya haura shekara talatin yana zama. Tarihinsa kusan duka tarihin rabon kujeru ne: wa aka ba, wa aka manta da shi, wa kuma ke da ikon cewa kowa ya tashi.

Ƙasar Hausa ba baƙuwar wannan aiki ba ce. Malaman jihadi, musamman Abdullahi ɗan Fodiyo, sun yi rubutu a kan hisba, wadda ta haɗa da hana algus da tauye mudu. A kasuwannin ƙasar Kano, wadda Birnin Kudu da Gwaram ke cikinta kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991, akwai sarkin kasuwa da sarkin pawa da shugabannin dillalai. In dillali ya yabi saniya ya ɓoye aibinta, mai saye ya san inuwar da zai kai kuka. Ba zan ce tsarin ya tsira daga son kai ba, don masu sarauta ne ke naɗa su, kuma dillalin da ake ƙara sau da yawa abokin cin tuwonsu ne. Amma suna jin harshen da aka yi ƙaryar da shi, kuma mai ƙara ya san ƙofar gidansu.

Talla irin na zamani ya shigo ne ta hannun kamfanonin Turawa. A 1928 kamfanin da ya zama UAC ya buɗe reshen talla a Legas, wanda daga baya aka sani da Lintas. Da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939, Bahaushe ya soma karanta talla da bakinsa. Kamfanonin talla na ƙasa sun haɗa ƙungiyarsu a 1973, suka yi ta neman gwamnati ta ɗauki aikinsu a matsayin sana'a mai rajista kamar ta lauya da likita. Sun samu a 1988, zamanin Janar Babangida, da doka mai lamba 55 wadda ta kafa hukumar APCON. An gyara dokar a 1992 da 1993, kuma a cikinta ne aka tanadi kwamitin tace talla da ake kira ASP.

Jerin kujerun kwamitin a waccan tsohuwar dokar ya cancanci a tsaya a kansa. Akwai 'yan majalisar hukumar kanta. Akwai wakilan kamfanonin da ke tsara talla, da na masu allunan titi, da na masu gidajen jaridu, da na rediyo da talabijin, da na kamfanonin da ke biyan kuɗin tallan. Sai jami'an sashen abinci da magunguna na ma'aikatar lafiya ta tarayya. Waɗanda za a iya cewa sun zo da sunan mai saye su ne ƙungiyar masu sayen kaya da majalisar ƙungiyoyin mata ta ƙasa. Ƙidaya kaɗan za ta nuna maka cewa mafi yawan masu zaman, da talla suke cin abinci. Wanda ya tsara shi yana nan, wanda ya biya yana nan, wanda zai watsa ya karɓi kuɗi yana nan. Ba zargin kowa nake da rashin amana ba. Ni aikina rubuta manhaja ne, kuma a wurinmu ƙa'ida ce cewa wanda ya rubuta ba shi kaɗai zai gwada ba, komai gaskiyarsa, saboda idonsa ya saba da kuskurensa.

Ingila ta bi wata hanya. Masu sana'ar ne da kansu suka kafa hukumar ASA a 1962 don gudun kada majalisa ta yi musu doka mai tsauri. Da aka yi ta sukarsu cewa kura ce aka ba ajiyar nama, sai a tsakiyar shekarun 1970 suka ƙarfafa ta: ana cire kashi 0.1 cikin ɗari na kuɗin talla, wani asusu daban ya tattara, yadda hukumar ba ta dogara da aljihun kamfani ɗaya ba. Kashi biyu cikin uku na majalisar da ke yanke hukunci mutane ne da ba su da alaƙa da sana'ar, kuma ƙorafin mutum ɗaya ya isa a buɗe bincike. Namu ya fi karkata ga duba talla kafin ya fita, bayan mai shi ya biya kuɗin tacewa. Wato wanda ya fi zuwa ƙofar kwamitin shi ne mai talla, ba wanda tallan ya cuta ba.

To ina wanda ya cutu yake? Yana kasuwar Sara a ƙasar Gwaram, gaban motar da aka ɗora wa lasifika, ana lissafa masa basir da shawara da sanyi da ciwon suga a ce kwalba ɗaya ta gama da su, wani lokaci da kalaman da uba ba zai so ya ji tare da 'yarsa ba. In ya sha ya bar maganin asibiti, ciwon ya ci ƙarfinsa, Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ce za ta karɓe shi, ba ofishin hukumar da ke Iganmu a Legas ba. Dokar ta raba kujeru bisa ƙungiyoyi, ba ta ware ko ɗaya ba don harshe ko yanki. Gaskiya ne ɗan Kano, Alhaji Garba Bello Kankarofi, ya daɗe yana riƙe da muƙamin magatakardan APCON har zuwa 2017, amma wannan dacen mutum ne, ba tanadin doka ba. Kuma kafin dokar 2022, ko da kwamitin ya ji, hannunsa gajere ne: a 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara a Legas, a shari'ar hukumar da kamfanin MIC Royal, ta ce ikon APCON ya tsaya ne a kan masu sana'ar talla. Mai lasifika kuwa bai taɓa yin rajista da kowa ba.

Sai batun wanda ke iya tayar da mutane daga kujera. A Yulin 2015 gwamnatin Buhari ta rusa majalisun gudanarwar hukumomin tarayya, har da ta APCON wadda Udeme Ufot ya fara jagoranta watanni kaɗan kafin nan. Aka shafe shekaru ba a naɗa wata ba. A 2022 sabuwar doka ta mayar da hukumar ARCON, ta faɗaɗa ikonta zuwa kowane mai talla har da na intanet, ta kuma kafa kotun laifukan talla, wadda aka ɗora tsohuwar mai shari'a Cecilia Olatoregun a kanta a 2023.

A watan Agustan 2023 aka ga iyakar 'yancin kwamitin. Wasu manyan alluna sun bayyana a Abuja suna cewa idon kowa na kan alƙalai, a daidai lokacin da ake jiran hukuncin ƙarar zaɓen shugaban ƙasa. Shugaban ARCON, Olalekan Fadolapo, ya fitar da sanarwa cewa an amince da tallan bisa kuskure, tunda maganar tana gaban kotu kuma tana kama da matsa wa alƙalai lamba. Aka dakatar da darakta da mataimakinsa, aka rusa sakatariyar kwamitin, jaridu suka buga cewa gwamnati ta rusa kwamitin tace talla. Mutum zai iya yarda cewa allunan ba su dace ba, ya kuma lura cewa shekara da shekaru na tallan maganin ƙarya ba su taɓa jawo irin wannan saurin ba.

Yanzu ma mai maganin ya fara sauka daga mota ya koma waya. Tallansa na zuwa ta Facebook da TikTok da saƙon murya a WhatsApp. Wanda aka biya kuɗinsa a Facebook, manhaja ce ke fara tace shi, wanda aka tura ta WhatsApp kuwa babu mai ganinsa sai wanda ya karɓa. A Oktoban 2022 ARCON ta kai kamfanin Meta ƙara a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, tana neman naira biliyan 30 saboda tallace-tallacen da ake nuna wa 'yan Nijeriya ba tare da kwamitin ya gani ba. A 2024 hukumar ta janye ƙarar, kotu ta kore ta.