Mayar da kayan gyaran mota: Me doka ta ce a Nijeriya?

A manyan kasuwannin kayan gyaran mota na Nijeriya, kama daga Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, zuwa Ladipo a Legas da Nkwo a Nnewi, sau da yawa akan rubuta a ƙasan rasit cewa ba a mayar da kuɗi bayan an biya.

Masu saye da dama na ɗauka cewa wannan rubutu ya yanke magana. To amma dokar ƙasar ta bambanta abubuwa uku: kayan da aka samu da aibi, da kayan da bai dace da motar ba, da kuma kayan da mai saye ya fasa so kawai. Kowanne da hukuncinsa.

Wace doka ce ke aiki?

Ita ce dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a farkon shekarar 2019.

Dokar ta kafa hukumar FCCPC, wadda ta maye gurbin tsohuwar majalisar kare masu saye da aka kafa da dokar soja ta 1992. Ta kuma kafa kotu ta musamman da ke sake duba hukuncin da hukumar ta yanke.

Dokar ta shafi duk mai harkar saye da sayarwa a ƙasar, daga babban kamfani har zuwa mai ɗan shago a bakin gareji.

Idan kayan na da aibi

Sashe na 131 ya ba mai saye haƙƙin samun kaya mai inganci, marar aibi, wanda zai yi aikin da aka saba saya dominsa, ya kuma jure na tsawon lokacin da hankali zai ɗauka.

Idan kayan ya gaza haka, sashe na 132 ya ba shi wata uku daga ranar da ya karɓa ya mayar da shi ba tare da tara ba, kuma ɗawainiyar mayarwar na kan mai sayarwa. Daga nan wajibi ne a gyara kayan, ko a canza shi, ko a mayar da kuɗin.

Ke nan wanda ya sayi sabon batir ya ƙi riƙe caji, ko famfon mai ya tsaya bayan mako biyu, yana cikin wa'adin doka.

Bugu da ƙari, sashe na 145 ya ɗora nauyin kawo hujja a kan wanda ya sayar da kayan idan aka yi zargin aibi.

Idan kayan bai shiga motar ba

Nan ne aka fi samun saɓani, domin mota ƙira ɗaya kan fito da injin iri biyu ko uku, gwargwadon shekarar da aka yi ta da kuma ƙasar da aka yi ta dominta.

A ƙarƙashin sashe na 122, mai saye zai iya mayar da kaya ya karɓi cikakken kuɗinsa idan ya riga ya shaida wa mai shago aikin da yake so kayan ya yi, sannan aka gano cikin lokaci madaidaici cewa bai dace da aikin ba.

Abin da ake dubawa shi ne maganar da aka yi lokacin ciniki. Idan mutum ya faɗi sunan mota da shekararta da lambar kayan, mai shago ya ce wannan ne, kuskuren na mai shago ne. Idan kuwa bakanike ne ya rubuta lambar da ba daidai ba, mai shago ya bayar da abin da aka nema, to hujjar mai saye ta yi rauni.

Sashen ya kuma kare wanda aka aiko wa kaya bai gani ba, misali giya da aka ɗoro daga Legas, in ya tarar ba irin wadda aka kwatanta masa ba ce.

Idan mai saye ya fasa ne kawai

Dokar ba ta tilasta wa ɗan kasuwa karɓar kaya mai lafiya ba don kawai mai saye ya sauya ra'ayi, ko ya sami mai sauƙi a wani shago, ko an gano matsalar motar a wani wuri take.

A nan sai abin da aka yi yarjejeniya a kai, ko kuma sassaucin mai shago, wanda kan yarda a yi musanya ko a rage wani abu daga kuɗin.

Hakan ya sha bamban da Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai, inda wanda ya sayi kaya ta intanet ke da kwana 14 ya fasa ba tare da ba da dalili ba.

Yaya batun 'yan gwanjo?

Yawancin injuna da giyoyin da ake sayarwa a waɗannan kasuwanni an cire su ne daga tsofaffin motoci a ƙasashen waje, waɗanda ake kira Baljiyam ko tokumbo.

Sashe na 117 ya wajabta sanya sanarwa ƙarara a kan duk kayan da aka taɓa amfani da shi ko aka yi wa kwaskwarima. Sayar da irin wannan kaya da sunan sabo keta doka ne.

Ba a tsammanin ɗan gwanjo ya jure kamar sabo, amma dole ya yi aikin da aka ce zai yi. A al'adar kasuwa akan ba da 'yan kwanaki na gwaji, a kuma yi wa kayan alama da fenti don gudun musanya. Kayan lantarki ne aka fi ƙin karɓa, domin 'yan kasuwa na cewa kuskuren haɗa waya ɗaya kan ƙone su nan take.

Rubutun da ke kan rasit fa?

Sashe na 129 ya haramta duk sharaɗin da zai raba mai saye da haƙƙin da doka ta ba shi, kuma FCCPC ta sha bayyana cewa tsarin ƙin mayar da kuɗi ya saɓa wa doka.

A shekarar 2022 wata babbar kotu a Enugu ta yanke irin wannan hukunci a kan wani kamfanin sufuri, ta kuma ci shi diyyar naira 500,000.

Mutumin da aka samu da laifin keta haƙƙin masu saye na iya fuskantar ɗaurin da ya kai shekara 5, ko tarar da ta kai naira miliyan 10, ko duka biyun.

Matsayin fiƙihu

Rabe-raben da doka ta yi ba baƙo ba ne ga waɗanda suka san fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'a na arewa ke aiki da shi. Mai saye na da zaɓin mayar da kaya idan ya gano aibin da ke tare da shi tun kafin ciniki. Za a iya kuma gindaya sharaɗin kwanakin zaɓi tun farko.

Fasa cinikin da ya ƙullu lafiya kuwa, wato iƙala, sai da yardar mai sayarwa, ko da yake abu ne da aka kwaɗaitar da shi.

Ina za a kai kuka?

Matakin farko shi ne komawa ga mai shago da wuri, kafin a buɗe kayan ko a yi masa wani gyara. In ba a daidaita ba, shugabannin ƙungiyar kasuwa kan shiga tsakani.

Daga nan ana iya shigar da ƙorafi gaban FCCPC a ofisoshinta ko ta shafinta na intanet, ko kuma a garzaya kotu. Batun jabun kaya ya shafi hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON.

A duk waɗannan wurare rasit za a fara tambaya, kuma sashe na 118 ya wajabta wa mai sayarwa bayar da shi. Rasit ɗin da ke ɗauke da kwanan wata, da sunan motar, da lambar kayan, da kwanakin gwajin da aka amince a kai, shi ne ke raba gardama.