Bashin Karatu a Nijeriya: Abin da Tarihi Ya Koya Mana

Akasarinmu da ke zaune a birane a yau, ilmi ne ya fito da mu daga gida. Da yawa daga cikin dattawanmu sun yi karatu da tallafin En'e ko na gwamnatin Jihar Arewa, ba tare da an nemi su mayar da ko kwabo ba. Da ɗalibai suka yawaita, sai gwamnati ta koma ga tsarin rance. Ya dace mu waiwayi tarihinsa, domin 'ya'yanmu da ƙannenmu sun sake shiga cikinsa.

A shekarar 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, aka kafa Hukumar Ba Ɗalibai Rance ta Ƙasa. Manufar ita ce ɗan talaka ya ci bashi ya yi karatu, idan ya kama aiki ya biya, a ranta wa na bayansa. Buƙatar hakan ta ƙara fitowa fili a 1978, lokacin da ƙarin kuɗin abinci a jami'o'i ya haddasa zanga-zangar da ta ci rayukan ɗalibai a Zariya da Legas.

Sai dai tsarin bai ɗore ba. Daga 1973 zuwa 1991 hukumar ta rantar da kimanin naira miliyan 46, amma abin da ya dawo bai wuce miliyan 6 ba. Hukumar ba ta da sahihiyar hanyar bin sawun waɗanda suka gama karatu suka bazu cikin ƙasa. Wasu sun ɗauki kuɗin a matsayin rabonsu na arzikin man fetur, wasu kuma aikin ne ba su samu ba. Bayan shigowar shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, darajar naira ta faɗi, har ɗan abin da aka karɓo ya kasa ɗaukar nauyin sababbin ɗalibai. A 1993 aka yi dokar kafa Bankin Ilmi domin ya gaji hukumar, shi ma bai kai ko'ina ba.

Bayan shekara 30, ranar 12 ga Yuni 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar doka, a daidai lokacin da jami'o'i da dama ke ƙara kuɗin rajista. Sharuɗɗanta sun yi tsauri: kada kuɗin shigar iyali ya kai naira 500,000 a shekara, kuma a kawo masu tsayawa biyu daga cikin manyan ma'aikata ko lauyoyi. Ina ɗan manomi zai samo su? A Afrilun 2024 aka sake dokar, aka cire waɗannan sharuɗɗa, asusun NELFUND ya fara karɓar buƙatu a watan Mayu. Dokar ta tanadi rance marar ruwa, wanda za a fara biya shekara 2 bayan hidimar ƙasa, da kashi 10 cikin 100 na albashi.

A wannan karon lambobin NIN da BVN za su taimaka wajen gano masu bashi, amma mai zaman kashe wando ba shi da albashin da za a cira. Rashin biya ne ya kashe shirin 1972, kuma waɗanda suka ɗanɗana kuɗarsa su ne yaran da suka zo daga baya suka tarar an rufe ƙofa.

Don haka muna kira ga 'yan ƙungiya da mu taimaka wa yaran gida wajen cike takardun neman rancen, mu fahimtar da su cewa bashi amana ne, sannan mu yi musu hanyar aiki ko sana'a idan sun kammala. Allah Ya albarkaci zuriyarmu, Ya ɗaukaka garinmu, amin.