MG Car Club

MG Car Club ƙungiya ce ta masu sha'awar motocin MG, wadda aka kafa a Ingila a shekarar 1930. Hedikwatarta tana Kimber House a garin Abingdon, inda masana'antar MG ta yi aiki har zuwa rufe ta a shekarar 1980. Ƙungiyar tana buga mujallar wata-wata mai suna Safety Fast!

Tsari

Ƙungiyar ta kasu zuwa rassan yankuna da kuma rukunoni bisa samfurin mota, kamar rukunin MGB, motar da aka ƙera daga 1962 zuwa 1980.

Tsufan mambobi

Da yawa daga cikin masu tsofaffin motocin MG sun fara tuƙa su tun suna samari, yanzu kuma sun manyanta. Sanin gyaran waɗannan injuna yana hannunsu, kuma yana iya ɓacewa idan ba a koya wa na baya ba. Domin ɗorewarta, ƙungiyar tana da reshe na musamman na matasa. Haka kuma tana karɓar masu sababbin samfura irin su MGF, wadda ta fito a 1995, da motocin da kamfanin SAIC na ƙasar Sin ke ƙerawa da sunan MG.