Harshe da Akushi a Farkon Ikilisiya

Isa Almasihu ya yi wa'azinsa a ƙauyukan Galili da Aramiyanci, harshen masunta da manoman ƙasar a wancan zamani. Amma cikin littattafai 27 na Sabon Alkawari babu ko ɗaya da ya iso hannun ƴan baya da wannan harshe, dukansu da Girkanci suke. A tsakanin bakin da ya furta maganar da alƙalamin da ya rubuta ta ne wata ƴar ƙaramar ƙungiya ta Yahudawa ta rikiɗa, ta zama addinin da ke kiran kowace al'umma.

Labarin kwanakin farko ya zo ne galibi daga Ayyukan Manzanni, littafin da yawancin masana ke ganin an rubuta tsakanin shekara ta 80 da ta 90. Ya nuna mabiya kimanin 120 a Ƙudus wajen shekara ta 30, zamanin da Bilatus ke gwamnan Yahudiya. Haikali suke zuwa kamar kowa, suna kiyaye Attaura, ba su ɗauki kansu masu sabon addini ba.

Saɓanin farko da littafin ya ambata a tsakaninsu ba na aƙida ba ne, na rabon abinci ne. Yahudawan Ƙudus iri biyu ne: ƴan gida masu Aramiyanci, da waɗanda suka tashi a baƙunta, a birane irin su Iskandariya da Kurane, Girkanci ne a bakinsu, Attaurar ma suna karanta ta ne cikin fassarar da aka soma a Iskandariya tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Isa. Waɗannan suka yi ƙorafi cewa ana tsallake matansu da mazaje suka mutu suka bari idan an zo rabon kullum. Aka zaɓi mutum bakwai su riƙe rabon, kuma duka bakwai ɗin sunayen Girkanci gare su. Ɗaya daga cikinsu, Istifanus, bai tsaya ga kasafta abinci ba; ya yi magana mai zafi game da Haikali, aka jefe shi. Tsanantawar da ta biyo baya ta watsa mabiya, amma manzannin suka zauna a Ƙudus, abin da ya sa masana da yawa ke ganin masu Girkancin ne aka fi kora.

Korarrun nan su ne masu bishara na farko a waje, ba wata majalisa da ta zana musu hanya. Filibus ya nufi Samariya, sannan a hanyar Gaza ya yi wa ma'ajin sarauniya Kandake baftisma; Kandake sarauta ce ta Merowe, a Sudan ta yau. Waɗansu mutanen Kubrus da Kurane (Kurane na cikin Libiya ta yau) suka kai Antakiya, birni na uku a daular Rum bayan Roma da Iskandariya, suka fara yi wa waɗanda ba Yahudawa ba wa'azi. Littafin bai faɗi ko sunayensu ba, alhali matakin da suka ɗauka ya fi na wasu da ake yawan ambato nauyi. A Antakiya ne aka fara kiran mabiyan Kirista.

A nan maganar akushi ta taso. Ibadar jama'ar ta ƙunshi cin abinci tare, to yaya Bayahude mai kiyaye doka zai sa hannu a ƙwarya ɗaya da marar kaciya? Wajen shekara ta 48 ko 49, Bulus da Barnaba suka hau Ƙudus suka gana da Bitrus da Yakubu, wanda ake kira ɗan'uwan Isa. A ruwayar Ayyukan Manzanni an sauke wa baƙi nauyin kaciya, aka ce su guji naman da aka miƙa wa gumaka, da jini, da abin da aka maƙure, da fasikanci. Sai dai littafin yana son nuna taro ya watse lafiya. Wasiƙar Bulus ga Galatiyawa, wadda ta riga shi da shekaru, ta fi tsami: Bitrus ya zo Antakiya yana ci da kowa, da mutanen Yakubu suka iso sai ya janye hannu, har Barnaba ya bi shi, Bulus kuwa ya tsawata masa a bainar jama'a. Bai ce ya yi nasara ba. Mutum irin Bulus, da ya ci gardamar, da wuya ya yi shiru.

Daga nan ya fuskanci yamma. Abin da ya sauƙaƙa masa tafiya shi ne Girkancin kasuwa, wanda ake ji a kowace tashar jirgin ruwa tun bayan yaƙe-yaƙen Iskandar Mai Girma, kamar yadda Hausa ta yi wa fatake aiki a hanyar goro ta Gwanja. A kowane birni yakan fara da majami'ar Yahudawa, inda akwai baƙi masu sauraron Attaura da ba su yarda da kaciya ba. Daga cikinsu aka samu mabiya da dama. A Koranti ya yi wata 18 yana ɗinkin tanti tare da Akila da matarsa Bilkisu. Wani rubutu kan dutse da aka tono a Delfi ya nuna Galiyo, gwamnan da aka kai ƙarar Bulus gabansa, yana kan mulki wajen 51 zuwa 52. Da wannan dutse ake auna sauran tafiye-tafiyen.

Reshen Ƙudus kuwa ya yi ta ƙanƙancewa. An kashe Yakubu a 62, kamar yadda marubuci Bayahude Yusifus ya kawo, sannan a 70 rundunar Titus ta rushe Haikali. Aramiyanci bai ɓace daga ikilisiya ba, domin wani reshensa, Suriyanci, ya zama harshen Kiristocin Edesa da na gabas; amma ragamar ta riga ta koma biranen masu Girkanci.

Wajen shekara ta 112, Filiniyus, gwamnan Bitiniya a gaɓar Baƙin Teku, ya rubuta wa sarki Tarajan yana neman shawara kan yadda zai hukunta Kiristoci. Ya azabtar da bayi mata biyu masu hidima a cikin jama'ar don ya ji abin da suke yi a taronsu. Ya ce abin ya wuce birane ya shiga ƙauyuka, ya kuma sanar da sarki cewa naman yankan gumaka, wanda a baya da ƙyar yake samun mai saye, ya fara tafiya a kasuwa tun da ya soma kame.