Motar Lantarki a Birnin Washington: Abin da ya Kayar da Ita

A shekarar 1909, da William Taft ya hau mulkin Amurka, majalisa ta ware dala 12,000 don sayen motoci ga fadar White House, wadda a da dawaki ke yi mata sufuri. Cikin motocin da aka kawo har da wata ƙarama ƙirar Baker, mai aiki da lantarki, wadda uwargidansa Helen ta riƙa tuƙawa da kanta.

Ba abin mamaki ba ne da ta so ta. Motar fetur ta wancan zamani ba ta tashi sai an murɗa mata ƙarfe ta gaba, kuma in injin ya yi gardama yakan karya hannun mutum. Ga hayaƙi, ga ƙara, ga wahalar canja giya. Ita kuwa ta lantarki, da an taɓa ta sai ta zarce shiru, domin injinta yana ba da ƙarfinsa tun daga tsaye.

To, amma sai a cikin gari. Batirinta na darma ne, mai nauyin gaske, kuma cika shi yakan ci awoyi. Wanda ya bi kudu ta gefen kogin Potomac zuwa tsohuwar ganuwar Fort Washington a jihar Maryland, tafiyar da ba ta kai mil 20 ba, ya shiga karkara ke nan. In batir ya mutu a can, sai a nemo doki. Har wajen 1935, gona ɗaya cikin goma ce kawai ke da wutar lantarki a Amurka.

A 1912 Charles Kettering ya sa wa Cadillac na'urar tayar da inji. Abin ban dariya, ɗan ƙaramin injin lantarki ne ya raba motar fetur da babban aibinta. Motar Ford ta yi araha, man Texas ya wadata, masu ƙera motar lantarki suka watse.

Sai da Larabawa suka hana man fetur a 1973 aka tuna da ita. A 1976 majalisa ta kafa dokar bincike kan motocin lantarki, ko da yake Shugaba Gerald Ford ya ƙi sa hannu. A ganina doka ba ta iya rage wa darma nauyi. An jira batirin litiyam, wanda Sony ya fara sayarwa a 1991, sannan Tesla ya sa shi a mota a 2008.