Bututun Mai Da Zargin Zagon Ƙasa: Daga Jesse Zuwa Gaya

Mai karatu, abin da ya sa na ɗauko wannan tarihi shi ne wata gardama da ta kaure a majalisarmu a Bukkuyum a ƙarshen watan Disamba na 2024, lokacin da hirar da Janar Abdourahamane Tchiani na Nijar ya yi da harshen Hausa ta riƙa yawo a wayoyin jama'a. A cikin hirar ya zargi Nijeriya da haɗa baki da Faransa domin a yamutsa ƙasarsa. Kafin nan da 'yan kwanaki an kai hari kan bututun man Nijar a yankin Gaya ta jihar Dosso, hukumomin Yamai suka ce Lakurawa ne, suka kuma ce daga Nijeriya maharan suka tsallaka. Nuhu Ribadu, mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ya fito shi ma da Hausa ya ƙaryata. Majalisa ta rabu biyu, har wani dattijo ya ce mana, "Ku yara, ku da ba ku taɓa ganin bututun da idonku ba, me ya yi muku zafi?"

Gaskiyarsa, ba bututu a ƙasar Bukkuyum. To amma mun daɗe muna rataye da shi. Bayan an buɗe matatar mai ta Kaduna a 1980, a shekarun da take aiki, ɗanyen man da take tacewa daga Escravos yake tasowa, ya bi ta Warri, ya ratsa ɗaruruwan kilomita a ƙarƙashin ƙasa. In an tace, wani bututun ya kai shi Zariya, daga nan ya yi reshe zuwa defon Gusau, sannan tankoki su ɗauko su biyo ta Anka su nufi Gummi. Ke nan a wancan lokaci in aka huda ƙarfe a cikin fadamun Neja Delta, mai injin ban-ruwa a bakin gulbi da mai injin niƙa a cikin gari su ne za su je su tsuguna gaban ɗan bumburutu suna cinikin galan.

Wanda tarihi ya fi tunawa da fara wannan aiki shi ne Isaac Adaka Boro, ɗan ƙabilar Ijaw. A watan Fabrairu na 1966, wata guda da ɗoriya bayan kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa, ya shelanta Jamhuriyar Neja Delta, shi da samarinsa suka fasa bututun mai, kwana 12 sojojin Ironsi suka murƙushe su. An yanke masa hukuncin kisa, Gowon ya yi masa afuwa, ya kuma mutu a 1968 yana yaƙi a ɓangaren tarayya. Shi Boro ba a zarge shi ba, shi ya faɗa da bakinsa cewa shi ne. A 1975 gwamnatin Murtala ta kafa dokar soja kan zagon ƙasa ga harkar mai, hukuncinta kisa ko ɗaurin da zai kai shekara 21. Tun daga nan kalmar ta yi nauyi, domin kuwa duk wanda aka laƙaba wa ita an ɗora masa wuƙa a wuya.

Inda nake so mu tsaya sosai shi ne Jesse, wani gari kusa da Sapele a jihar Delta. A watan Oktoba na 1998, wata huɗu bayan rasuwar Abacha, wata uku bayan ta Abiola, ƙasa tana cikin wahalar mai, matasan Ijaw kuma suna ta mamaye tashoshin kamfanonin mai. Bututun da ya taso daga Warri ya nufo Arewa ya fara zubar da fetur a gonakin garin. Mata da yara da masu wucewa suka yi dafifi da bokitai da jarkoki suna kwasa. Wuta ta tashi. An yi kwanaki tana ci kafin ƙwararru daga Amurka su kashe ta, kuma ƙididdigar da aka fi ambata ita ce mutum fiye da 1,000 suka mutu, da yawa a kabari ɗaya aka binne su saboda ba a iya gane su.

Wutar ba ta gama mutuwa ba gwamnatin Janar Abdulsalami ta ce ɓarayin mai ne suka fasa bututun, saboda haka babu diyya. Mutanen gari suka ce bututun tsoho ne, tsatsa ta cinye shi, ba a kula da shi. Ni dai abin da har yau yake tsaya mini a rai shi ne waɗanda suka ƙone suka riƙa sulalewa daga gadajen asibiti suna komawa ƙauye, don tsoron kada a kama su a matsayin 'yan zagon ƙasa. Mutum fatarsa na saluɓewa, amma ya fi tsoron kalma guda a kan ciwon. Mu kuwa a nan, a rediyo muka ji, kuma ba zan ɓoye ba, da yawanmu cewa muka yi su suka ja wa kansu, alhali da kananzir ne ya malalo a bayan gari a wancan lokaci, da bokitanmu za mu fita mu ma.

Bayan dawowar mulkin farar hula sai abin ya koma fili. A watan Fabrairu na 2006 tsageru suka tarwatsa bututun Chanomi, matatun Warri da Kaduna suka yi kusan shekara biyu ba ɗanyen mai. 'Yar'aduwa ya yi musu afuwa a 2009, aka ɗan sarara, sai ga Niger Delta Avengers a 2016, farkon mulkin Buhari. Waɗannan duk masu ɗaukar alhaki ne, har sanarwa suke aika wa 'yan jarida.

Na Nijar ma iri biyu ne. Bututun da kamfanin CNPC na China ya shimfiɗa daga Agadem zuwa tashar Seme a Benin ya kusa kilomita 2,000, kuma ya fara aiki ne a 2024, ana tsakiyar tsamin dangantaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. A watan Yuni na 2024 wata ƙungiyar 'yan tawaye mai suna FPL, ƙarƙashin Mahamoud Sallah, ta fasa shi, ta ce ita ce, ta kuma ce a saki Bazoum. Wannan ba gardama. Na Gaya kuwa gwamnati ce ta zaɓi wanda za ta nuna wa yatsa, kuma yatsan ya faɗa kan maƙwabciyar da ta taɓa yanke mata wutar lantarki ta rufe mata iyaka. A ganina shi ya sa majalisarmu ta kasa rabuwa lafiya: kowa ya ɗauki zargin ne gwargwadon ra'ayinsa kan Tinubu da sojojin Yamai, ba wanda ya tambayi shaida.

Ba a yi wata uku ba sai ga irinsa a gida. Daren 17 ga Maris 2025 bututun Trans Niger ya yi bindiga a Bodo, ƙasar Ogoni ta jihar Ribas, daidai lokacin da rikicin Gwamna Siminalayi Fubara da ubangidansa na da Nyesom Wike ya kai ga 'yan majalisa sun fara shirin tsige shi. Washegari da yamma Shugaba Tinubu ya kafa dokar ta-ɓaci, ya ambaci fasa bututu cikin dalilansa, ya dakatar da gwamna da mataimakiyarsa da majalisar jihar, ya naɗa tsohon hafsan sojan ruwa Ibok-Ete Ibas ya riƙe jihar. Fubara ya musanta alaƙa da tsageru. Cikin 'yan kwanaki mai ya ci gaba da gudana a bututun, shi kuwa gwamnan sai watan Satumba ya koma kujerarsa.