Stephen Keshi: ya ɗaga kofin Afirka yana kyaftin, ya sake ɗaga shi yana koci, aka kore shi

1/ Duk lokacin da aka tayar da musun "koci ɗan gida ko Bature" a Super Eagles, sunan mutum ɗaya ne yake fara zuwa mini: Stephen Keshi. Yaran yanzu da yawa 2013 kawai suka sani. Labarin ya fi haka nisa. Ku gyara zama jama'a, zaren yana da ɗan tsayi 🧵

2/ An haifi Stephen Okechukwu Keshi a 1962 a Azare, jihar Bauchi ta yanzu. Asalin iyayensa 'yan Illah ne a jihar Delta, amma a Legas ya tashi, can ya yi makaranta, can ya fara taka leda. Mai tsaron baya ne, dogo kakkaura, ga murya. Tun yana matashi shi yake tsara 'yan bayansa a fili.

3/ Ya fara da ACB ta Legas, daga nan ya koma New Nigeria Bank ta birnin Benin. A wancan zamanin bankuna da kamfanoni ne suke riƙe da manyan ƙungiyoyinmu. Da NNB ya ci kofin WAFU na Afirka ta Yamma sau biyu a jere, 1983 da 1984.

4/ Sai rigima ta farko da hukuma. Hukumar ƙwallon ƙasa, lokacin sunanta NFA, ta dakatar da shi da wasu abokan wasansa na NNB saboda sun makara zuwa sansanin tawagar ƙasa. Ku riƙe wannan a ranku, don Keshi da hukumar nan sun yi ta wannan zaman doya da manja har ƙarshen rayuwarsa.

5/ Wani hanin ga Allah baiwa ne. Dakatarwar ce ta tura shi Kwaddibuwa, ya buga wa Stade d'Abidjan, sannan Africa Sports. Daga can 'yan Beljiyam suka hango shi. A 1986 ya tafi Lokeren, shekara ɗaya kacal Anderlecht ta ɗauke shi.

6/ Kar ku auna Anderlecht ta lokacin da ta yau. Babbar ƙungiya ce a Turai. Keshi ya ci kofin ƙalubale na Beljiyam da su a 1988 da 1989, ya ci lig a 1991. Ya kuma buga wasan ƙarshe na Cup Winners' Cup a 1990, inda Sampdoria ta doke su 2-0 a ƙarin lokaci, Vialli ya ci duka biyun.

7/ Abin da ya fi burge ni a zamansa na Beljiyam ba a fili ya faru ba. Gidansa ya zama masauƙin 'yan Afirka masu neman ƙungiya. Shi ya buɗe wa 'yan Najeriya wannan hanya. Har Nii Lamptey na Ghana, yana ɗan yaro, ta hannun Keshi ya shiga Anderlecht. Laƙabin Big Boss ba a banza ya zauna masa ba.

8/ A tawagar ƙasa kuwa, sai da ya sha ɗaci tukuna. Wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abidjan, 1984: Kamaru ta ci mu 3-1. Wasan ƙarshe a Casablanca, 1988: Kamarun dai ta sake cin mu 1-0 da fenariti. A Senegal 1992 muka ƙare na uku. Kullum a bakin kofi, kullum a dawo hannu rabbana.

9/ Sai Tunisiya 1994, ƙarƙashin Clemens Westerhof. Yekini, Amokachi, Okocha, Oliseh, Finidi, Rufai a raga. Wasan ƙarshe da Zambiya, wadda ta rasa kusan duk tawagarta a hatsarin jirgin sama shekara guda kafin nan. Su suka fara ci, Amunike ya farke ya ƙara. 2-1.

10/ Lokacin jiki ya fara gaya wa Keshi gaskiya, rauni ya dame shi. Bai buga wasan ƙarshen ba, Eguavoen ne ya ɗaura kambun kyaftin a fili. Amma da aka zo karɓar kofi, Keshi ne ya ɗaga. Kowa a tawagar ya san wane ne babba. A gasar duniya ta Amurka ma wasa ɗaya ya buga, da Girka.

11/ Bayan ya rataye takalmi sai ya koma horarwa. Shi ne mataimakin Shu'aibu Amodu lokacin da suka ceto Najeriya ta samu tikitin gasar duniya ta 2002. A kofin Afirka na Mali suka zo na uku. Sakayyar? Aka sallame su, aka bai wa Festus Onigbinde tawagar ya tafi da ita Koriya da Japan.

12/ Karo na farko ke nan da ya yi noma wani ya girbe.

13/ A 2004 Togo ta ɗauke shi. Ƙasar da ba ta taɓa leƙa gasar duniya ba, aka jefa ta rukuni ɗaya da Senegal wadda ta kai kwata fainal a 2002, ga Mali, ga Zambiya, ga Kongo. Babu wanda ya sa Togo a lissafi. Da Adebayor a gaba, suka ƙare a saman rukunin bayan sun ci Kongo 3-2 a Brazzaville.

14/ Wata uku bayan haka aka je kofin Afirka a Masar, farkon 2006. Keshi da Adebayor suka samu saɓani a bainar jama'a, Togo ta sha kashi a wasanninta uku. Hukumar ƙasar ta kore shi, ta kawo Bajamushe Otto Pfister. Shi ya je Jamus da tawagar da Keshi ya gina. Karo na biyu ke nan.

15/ Daga 2008 zuwa 2010 yana Mali. Masu kallon ƙwallo na lokacin ba za su manta wasan buɗe gasar Angola 2010 ba. Angola tana cin 4-0 har minti na 78, wasu sun kashe talabijin. Keita, Kanoute, Keita kuma, sai Yatabare. Aka tashi 4-4. Duk da haka Mali ba ta fita daga rukuni ba, aka sallame shi.

16/ A nan gida kuma abubuwa sun lalace. Oktoban 2011 Guinea ta riƙe mu 2-2 a Abuja, muka rasa zuwa kofin Afirka na 2012. Aka kori Samson Siasia. A Nuwamba aka kira Keshi. Tawagar da ya tarar sunaye ne manya-manya, amma zuciya ta mutu, 'yan kallo ma sun yanke ƙauna.

17/ Abin da ya yi, shi ne dalilin wannan zaren. Ya buɗe sansani na 'yan wasan lig ɗin gida, ya riƙa zama da su makonni yana horar da su. Da aka zo fitar da sunayen Afirka ta Kudu 2013, ya ajiye Odemwingie da Obafemi Martins, ya ɗauki 'yan gida shida. Cikinsu har da Reuben Gabriel na Kano Pillars.

18/ Wallahi ya sha zagi. Kuma farkon gasar ya ƙara wa masu zagin ƙarfi: 1-1 da Burkina Faso, an farke mana a daƙiƙun ƙarshe. 1-1 da Zambiya. Sai da Victor Moses ya ci fenariti biyu a kan Habasha can wajen ƙarshen wasa muka tsallake. Ga Kwaddibuwa tana jira a kwata fainal.

19/ Drogba, Yaya Toure, Gervinho, Kalou. Kusan kowa ya gama yi mana jana'iza. A Rustenburg Emenike ya narka bugun tazara a raga, Tiote ya farke, sai wani yaro daga lig ɗin gida, Sunday Mba, ya ja ƙwallo tun daga tsakiyar fili ya buga ta shige. 2-1. Daga ranar tawagar ta zama wata aba daban.

20/ Mali a Durban, 4-1, namu Ahmed Musa ya ci ta huɗu. Sai ranar 10 ga Fabrairu 2013 a Johannesburg, mu da Burkina Faso kuma. Minti na 40 Mba ya ɗaga ƙwallo ta saman ɗan baya, kafin ta sauka ya ɗaɗa mata ƙafar hagu. 1-0. Kofin da muka shekara 19 muna nema.

21/ Mutum biyu ne kacal a tarihi suka ci kofin Afirka suna 'yan wasa, suka sake ci suna koci: Mahmud El-Gohary na Masar, 1959 da 1998, sai Keshi, 1994 da 2013.

22/ To ku ji abin mamaki. Washegarin cin kofin Keshi ya ce ya ajiye aiki, saboda irin matsin da ya ce ya sha daga jami'an hukuma ana tsakiyar gasa. Sai da ministan wasanni Bolaji Abdullahi ya sa baki ya janye. A shekarar nan dai ya yi watanni yana bin hukumar albashi.

23/ Da bashin a wuyansu ya kai mu Brazil 2014, bayan doke Habasha gida da waje. Wannan karon dai ya je da kansa. Canjaras da Iran, 1-0 a kan Bosniya, kuma Odemwingie da suka shirya ne ya ci. Da Ajantina 3-2 aka ci mu, Ahmed Musa biyu, Messi biyu.

24/ Faransa ta fitar da mu a zagaye na biyu, 2-0, bayan mun riƙe su har minti na 79. Amma ku duba: duk tawagar Afirka da ta taɓa tsallake rukuni kafin nan, koci daga waje ne ya kai ta. Keshi ne ɗan Afirka na farko da ya yi hakan.

25/ Ba zan ce ba shi da laifi ba. Mutum ne mai taurin kai, in ya juya wa ɗan wasa baya da wuya ya waiwaye shi. Bayan Brazil tawagar ta zube. Kongo ta ci mu 3-2 a Kalaba, Sudan ta ci mu a Khartoum. Mai riƙe da kofi ya kasa zuwa kare kofinsa a 2015. Wannan nauyi yana kansa.

26/ Amma ku dubi yanayin da ya yi aikin. Ba shi da kwantiragi, shugabannin NFF suna kotu da juna. Oktoban 2014 aka cire shi aka sa Amodu, bayan mako biyu aka dawo da shi. Afrilun 2015 aka ba shi sabon kwantiragi, Yuli aka kore shi, wai an ga sunansa cikin masu neman aikin Kwaddibuwa.

27/ A Disambar 2015 matarsa Kate ta rasu bayan jinya. Wata shida bayan nan, farkon Yunin 2016, Keshi ya rasu a birnin Benin yana da shekara 54. Kwanaki kaɗan tsakani Shu'aibu Amodu ma ya rasu, a garin dai. Shi ma sau biyu yana samo tikitin gasar duniya, 2002 da 2010, ana hana shi zuwa.

28/ Keshi ya sha faɗa cewa bai ƙi a ɗauko ƙwararren koci daga waje ba. Abin da ya ƙi shi ne a kawo wanda bai fi na gida komai ba, a ba shi lokaci da kuɗi da girma, ɗan gida kuma a ce ya ci kofi gobe ko ya kama gabansa. Ni dai ban ga ƙarya a maganar nan ba.

29/ Senegal ta haƙura da Aliou Cisse shekara bakwai kafin ya kawo mata kofi a 2022. Mu kuwa wanda ya kawo mana cikin wata 15, ko albashinsa ba mu biya a kan kari ba. Yau akwai filin wasa da sunansa a Asaba, amma tun 2013 kofin bai sake shigowa Najeriya ba.

30/ Nan zan tsaya. Waɗanda suka kalli Tunisiya 94 da idonsu, ku faɗa mana yadda kuka ga Keshi ɗan wasa. Sauran kuma tambayata gare ku: da a yau za a samu koci ɗan gida ya yi canjaras biyu a farkon gasa, za mu bar shi ya kai wasa na uku?